Ƙwallon raga: daga ina ta fito, kuma wace doka ce ke aiki a yau?

Wani malamin makaranta a Aboabo da ke Kumasi ya aiko da tambaya. Ya ce sun kafa raga a filin makarantarsu domin samari da 'yan mata su riƙa wasa bayan la'asar, amma kullum da gardama ake watsewa. Manya sun ce a maki 15 ake tashi, kuma sai mai sabis, wato bugun da ake fara wasa da shi, ne kaɗai ke cin maki. Yara sun ce 25 ne. Wasu sun ce taɓa ƙwallo da ƙafa laifi ne, wasu sun ce ba laifi ba ne. Yana son a bayyana masa asalin wasan da dokokinsa domin su samu abin da za su tsaya a kai.

Malam, manyan nan ba su yi ƙarya ba, yaran ma ba su yi ba. Kowa yana faɗin dokar zamanin da ya koyi wasan ne. Ƙwallon raga ta sha gyara, kuma gyaran da aka yi mata a shekarun 1990 ya canza ta ƙwarai. Wanda ya buga ta a sakandare a 1985 da wanda yake kallonta a waya yau, kusan wasa biyu suka sani. Idan ka san shekarar da kowace doka ta shigo da dalilin shigowarta, rabin gardamar filinku ta ƙare.

A shekarar 1895 aka ƙirƙiro wasan, a garin Holyoke na jihar Massachusetts a Amurka. Wanda ya ƙirƙiro shi William G. Morgan ne, malamin motsa jiki a ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA. Shekara huɗu kafin nan, a 1891, James Naismith ya fito da ƙwallon kwando a Springfield, garin da ke kusa da su. Matasa sun karɓe ta hannu bibbiyu, amma masu zuwa wurin Morgan da yawansu 'yan kasuwa ne magidanta, waɗanda gudu da gogayyar jiki sun yi musu yawa. Sai ya nemi wasan da za a yi gumi ba tare da an bangaji juna ba. Ya ɗauko ragar tanis ya ɗaga ta zuwa mita 1.98, ya raba mutane gida biyu, kowa ya tsaya a ɓangarensa. Ya fara gwadawa da robar cikin ƙwallon kwando, ta yi rashin nauyi. Ƙwallon kwandon kanta kuma ta yi nauyi. Daga nan kamfanin Spalding ya ɗinka masa wadda ta dace. Shi Morgan Mintonette ya kira wasan, sai a 1896, da aka nuna shi a wani taro a Springfield, Alfred Halstead ya ba da shawarar sunan da duniya ta san shi da shi yanzu, wato volleyball.

Wasan Morgan ba shi da iyakar yawan 'yan wasa, ba shi da iyakar taɓawa. Gida ɗaya na iya yin ta tura wa juna ƙwallo har sai sun ga dama. Abin da ya mayar da shi wasan da muka sani ya faru ne nesa da Amurka. A ƙasar Filifin, wajen 1916, 'yan wasa suka gano dabarar ɗaya ya ɗaga ƙwallo sama kusa da raga, ɗaya ya yi tsalle ya sare ta ƙasa da ƙarfi. Bayan wannan sai dokoki suka biyo a jere: a 1917 aka rage maki daga 21 zuwa 15, a 1918 aka tsayar da mutum shida a kowane gida, a 1920 aka ce taɓawa uku kawai. Sojojin Amurka sun yaɗa wasan a Turai lokacin yaƙin duniya na farko. An kafa hukumar duniya, FIVB, a Paris a 1947 da ƙasashe 14, kuma Masar na cikinsu, wato Afirka na nan tun ranar farko. Gasar duniya ta maza ta fara a 1949, ta mata a 1952, wasan kuma ya shiga Olamfik a Tokyo a 1964. Ta bakin teku, wadda mutum biyu-biyu ke bugawa a kan rairayi, ta shiga a Atlanta a 1996. Nan gida ma, a gasar wasannin Afirka da aka yi a Accra a watan Maris na 2024 an buga ƙwallon raga, saboda haka akwai yaranku da suka gan ta da dokokin yau.

To ga amsar gardamar maki. Har zuwa ƙarshen shekarun 1990, gidan da ke da sabis ne kaɗai ke iya cin maki. Idan masu karɓa suka yi nasara, sabis kawai suke ƙwatowa. Ana tashi a 15. Illar wannan ita ce ba wanda ya san lokacin da wasa zai ƙare. Ana iya ƙwace sabis sau goma maki bai motsa ba, masu talabijin kuma ba sa son haka. Daga 1999 aka koma tsarin da ake kai yanzu: duk lokacin da ƙwallo ta mutu, wani ya ci maki, ko shi ya yi sabis ko ba shi ba. Zubi ɗaya maki 25 ne, amma dole a ba da ratar maki biyu. Idan aka yi 24 da 24, sai a ci gaba har a samu 26 da 24, ko 30 da 28, ba iyaka. Wanda ya fara cin zubi uku shi ya ci wasa. Idan aka yi biyu da biyu, zubi na biyar a 15 yake ƙarewa, shi ma da ratar biyu, kuma ana sauya gida da zarar wani ya kai 8. A Kumasi rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, tsakanin la'asar da magariba ba za ku samu zubi biyar ba. Ku yi na uku: biyu na 25, na raba gardama 15.

Batun ƙafa kuwa, yara ne ke da gaskiya. Tun tsakiyar shekarun 1990 ƙwallo na iya taɓa kowane sashe na jiki, har ƙafa, da gangan ko ba da gangan ba. Wuri ɗaya ne ba a yarda ba: sabis, wanda dole da hannu ɗaya ake buga shi. Sai dai a lura, a garin da kowane yaro da ƙwallon ƙafa ya tashi, wannan dokar na iya lalata koyo. Yaro zai miƙa ƙafa alhali da ya durƙusa da hannu zai kai, kuma ƙwallon da aka taro da ƙafa ba a san inda za ta nufa ba. A wurin atisaye ku hana, a wurin gasa ku bari. Haka kuma sabis da ya goge saman raga ya faɗa gidan abokan karawa: da laifi ne, amma tun wajen shekarar 2000 ya zama halal, a ci gaba da wasa.

Kafin sauran dokoki, a duba filin da kansa, don yawancin filayen unguwa da ido aka auna su. Tsawonsa mita 18, faɗinsa mita 9, layin tsakiya a ƙarƙashin raga ya raba shi gida biyu, 9 da 9 kowanne. A kowane gida akwai wani layi mita 3 daga tsakiya, shi ne ya raba gaba da baya. Kaurin layi santimita 5 ne, kuma layin cikin fili yake: ƙwallon da ta taɓa shi ko da gefenta ne, ta shiga. A bar aƙalla mita 3 a kowane gefe ba gini, ba kwata, ba benci. Don ka tabbatar filin bai karkace ba, auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta; dole ka samu mita 20.12, ɗaya ɓangaren ma haka. Idan biyun suka bambanta, filin ya murɗe, a sake ja. Idan wurin ya ba da dama, a miƙe tsawonsa kudu da arewa, saboda in ya kalli gabas da yamma, rana za ta shiga idon gida ɗaya duk yamma. A kan jar ƙasa irin tamu, a share tsakuwa, a yayyafa ruwa kaɗan lokacin hunturu don ƙura, a ja layi da toka ko farar ƙasa. Kada a binne bulo ko katako a matsayin layi, a kansu ake karya yatsun ƙafa.

Tsayin raga mita 2.43 ne ga maza, 2.24 ga mata, kuma a tsakiya ake aunawa. A gefuna ba a yarda ta wuce haka da fiye da santimita 2 ba. Nan ne ragar unguwa ke faɗuwa jarrabawa: igiya ta saki, tsakiya ta lotsa, yara su saba sara a kan raga gajera, ranar da suka je gasa duk dukansu ya ƙare a cikinta. A sa igiya mai ƙarfi ko waya a sama, a ɗaure ta ƙasa ita ma ta yi tauri, don ƙwallon da ta faɗa raga ta dawo a iya ceto ta. Turakun su kasance rabin mita zuwa mita ɗaya a wajen layin gefe, a naɗe su da katifa ko tsohuwar taya. A kan raga, daidai saman kowane layin gefe, ana ɗaura siririn sanda mai tsawon mita 1.80 wanda santimita 80 nasa ke sama da raga. Dole ƙwallo ta bi ta tsakanin sandunan biyu. In ta taɓa ɗaya ta fita. Siririn gora ya isa wannan aiki. Ita ƙwallon nauyinta giram 260 zuwa 280 ne, kewayenta santimita 65 zuwa 67, iskarta kuma kusan rabin ta ƙwallon ƙafa ce ko ƙasa da haka. Idan mai famfo ya cika ta ta yi tauri, hannun yara zai yi ja ya kumbura, gobe ba za su dawo ba. Ƙwallon ƙafa kuwa, mai giram 410 zuwa sama, kada a kuskura a yi wannan wasa da ita.

Zuciyar wasan abu biyu ne: taɓawa uku, kuma ba a riƙe ƙwallo. Gida na da damar taɓa ta sau uku kafin ta haye, mutum ɗaya kuma ba ya taɓawa sau biyu a jere. Dole ta yi tsalle daga jiki nan take. Wanda ya tallabe ta a tafin hannu daga ƙasa ya ɗaga, ko ya kama ya jefa, ya yi laifi ko da na ƙiftawar ido ne. Akwai sassauci biyu da alƙalan unguwa ke yawan mantawa. Na farko, a taɓawar farko ta gida, misali karɓar sabis ko tare sara, idan ƙwallo ta bugi hannu ta bugi ƙirji a motsi guda, ba laifi. Na biyu, katanga ba ta cikin lissafi: idan 'yan gaba suka yi tsalle suka tare sara a saman raga ƙwallon ta goge hannunsu ta faɗo gidansu, har yanzu suna da uku cif, kuma wanda ya yi katangar na iya zama na farkon taɓawa. Amma ba a yi wa sabis katanga, ba a kuma sare shi kai tsaye yana sama da raga a yankin gaba.

Mai sabis yana tsayawa a bayan layin ƙarshe, ko'ina a faɗin mita 9 ɗin. Bayan usur yana da daƙiƙa 8. Dole ya saki ƙwallon ko ya jefa ta sama kafin ya buge ta, kuma ƙafarsa ba za ta taka layi ba a lokacin bugun. Jefawa ɗaya ce. In ya jefa ya fasa, ya rasa.

Yanzu ga dokar da na fi so ka riƙe da kyau, ita ce kuma aka fi yin watsi da ita a filayen unguwa: juyawa. Wurare shida ne, kowanne da lambarsa. Idan kana fuskantar raga, 1 shi ne baya ta dama, wurin mai sabis. 2 gaba ta dama. 3 gaba tsakiya. 4 gaba ta hagu. 5 baya ta hagu. 6 baya tsakiya. Duk lokacin da gida ya ƙwato sabis daga abokan karawa, kowa zai matsa wuri ɗaya yadda hannun agogo ke tafiya: na 2 ya koma 1 ya yi sabis, na 1 ya koma 6, na 6 ya koma 5, haka har a zagayo. Idan gidan da ke sabis ne ya ci makin, ba a juyawa, mutumin nan zai ci gaba da bugawa. A lokacin da ake buga sabis, masu karɓa dole su kasance a jerinsu: kowane ɗan baya yana bayan na gabansa, na tsakiya kuma yana tsakanin na dama da na hagu. Da ƙafa ake dubawa, ba da kai ko kafaɗa ba. Da zarar hannu ya bugi ƙwallo, kowa na iya gudu inda ya ga dama, shi ya sa za ka ga mai ɗagawa ya sheƙo daga baya zuwa gindin raga. Kuskure a jeri maki ne ga abokan karawa, tare da sabis.

Amfanin wannan doka a bayyane yake. In babu ita, dogon yaro zai kafe a gaban raga yana sara har magariba, gajeru su zama 'yan tsince ƙwallo. Juyawa na tilasta wa dogo ya koma baya ya koyi karɓa, gajere ya zo gaba ya koyi ɗagawa. Kuma ɗan baya ba shi da izinin yin katanga, ba shi da izinin sare ƙwallon da ke sama da raga sai in ya tashi daga bayan layin mita 3. In ya tashi daga can, ya sauka a gaba ba komai. Makarantar da ta bar juyawa don wai tana da wahalar koyarwa, yara biyu za ta horar, goma su yi kallo. Hanya mai sauƙi ita ce a rubuta lambobin shida da toka a ƙasa na makon farko, kowane yaro kuma ya haddace mutum biyu kawai: wanda ke gabansa a jeri da wanda ke binsa.

A gindin raga ake samun rauni, saboda haka a nan alƙali ya tsananta. Taɓa raga tsakanin sandunan biyu lokacin da mutum ke ƙoƙarin buga ƙwallo laifi ne, tun daga tashinsa har saukarsa. Idan ƙwallo ce ta tura ragar ta taɓa shi, ba laifinsa ba ne. Ƙafa na iya taka layin tsakiya, har ta leƙa ɗaya gidan, muddin wani sashenta na kan layin ko daidai samansa. In ta haye gaba ɗaya, an yi laifi. Raunin da ya fi yawa a wasan nan gurɗewar idon sawu ne, kuma yawanci yana faruwa ne idan mai sara ya yi tsalle gaba maimakon sama, ya sauka a kan ƙafar mai katanga. Ku koya musu taku uku, mai bugu da hannun dama ya taka hagu, dama, hagu, ya tashi da ƙafa biyu daga ɗan nesa da raga, ya sauka da biyu gwiwa a lanƙwashe. Zobe, agogo da awarwaro duk a cire kafin a shiga.

Mai riga ta daban da yara ke gani a bidiyo shi ne libero, wanda aka shigo da shi a 1998 don tsaro ya yi ƙarfi. Yana maye gurbin ɗan baya ba tare da an lissafa shi cikin canji ba. A dokar FIVB ba ya sabis, ba ya katanga, ba ya sare ƙwallon da ke sama da raga, kuma idan ya ɗaga ta da yatsu yana cikin yankin gaba, abokinsa ba zai sare ta daga sama da raga ba. Shawarata ku ajiye shi tukuna sai kowa ya iya karɓa. Canji na yau da kullum shida ne a kowane zubi, wanda ya fita kuma a gurbin wanda ya canje shi kaɗai zai dawo. Hutun neman shawara biyu ne, daƙiƙa 30 kowanne.

Wajen koyarwa, a fara da karɓa, don in taɓawar farko ta lalace sauran biyun ceto ne kawai. A haɗa hannu biyu, tafi ɗaya cikin ɗaya, manyan yatsu a jere suna kallon ƙasa, gwiwar hannu a miƙe. Kada a sarƙe yatsu. Ƙwallon ta sauka a kan damtsen ƙasa, sama kaɗan da wuyan hannu. Idan tana tashi ta koma bayan yaro, hannu yake wurgawa sama. Ƙarfin daga gwiwar ƙafa yake fitowa. Idan tana fallewa gefe, ko dai a kan dunƙulen hannu ta sauka, ko bai kai ƙafarsa bayanta ba kafin ta iso. Ɗagawa kuma a saman goshi ake yi, yatsu goma a buɗe, tafin hannu bai taɓa ba. Sabis na ƙasa ya isa wata biyu na farko, domin sabis na sama da ba ya hayewa ba abin da yake koya wa kowa. Yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu a sauke musu raga zuwa wajen mita 2, a rage fili, su yi uku-uku ko huɗu-huɗu, kowa ya riƙa taɓa ƙwallo.

'Yan mata kuma kada tufafi ya hana su. Doguwar riga mai hannu, dogon wando da ɗan hijabi mai kama kai wanda ba a soke shi da allura ba, duk ana wasa da su. Doaa Elghobashy ta Masar da hijabinta ta buga ta bakin teku a Olamfik na Rio a 2016. A ba su ranakunsu ko lokacinsu, a sauke ragar zuwa 2.24. Idan turaku ɗaya za ku yi amfani da su, a sa ƙugiya biyu a kowanne, ta sama ta maza, ta ƙasa ta mata, tazararsu santimita 19.

Alƙali kuwa mutum ɗaya ya isa a filin makaranta, amma ya hau kan tebur mai ƙarfi a gefen turke yadda idonsa zai wuce saman raga, a sa yara biyu a kusurwoyi biyu masu fuskantar juna su duba layi. Kyaftin ne kaɗai ke da bakin yi masa magana. Kafin a fara, kowane gida ya rubuta jerinsa na shida a takarda ya miƙa, mai rubuta maki ya riƙa duba ta duk lokacin da sabis ya sauya hannu.